Müller: Yadda Sunan Mai Niƙa Ya Fi Kowane Suna Yawa a Jamus

Duk wanda ke bin ƙwallon Turai ya san sunan Müller. Manya sun san Gerd Müller, wanda ya zura ƙwallo 365 a gasar Bundesliga, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Jamus ta Yamma kofin duniya a 1974. 'Yan baya sun tashi da Thomas Müller, wanda ya daɗe yana buga wa Bayern Munich. Akan ji wani ya ce ai ɗa da uba ne, ko kuwa gidansu ɗaya. Ko kusa. Suna ne kawai ya haɗa su, kuma sunan nan ya fi kowane sunan iyali yawa a Jamus, inda ake ƙiyasta masu amsa shi sun kai kimanin 700,000. A Suwizalan ma shi ne kan gaba. Ma'anarsa ba wata mai nisa ba ce: mai niƙa, wato mutumin da ake kai wa hatsi ya mayar da shi gari.

In aka jera sunayen iyali goma da suka fi yawa a Jamus, za a tarar dukansu sana'a ce ko muƙami. Bayan Müller sai Schmidt, maƙeri, Schneider, tela, Fischer, masunci, Weber, masaƙi, Meyer, wakilin da ke kula da gandun ubangida, Wagner, mai ƙera amalanke, Becker, mai gasa burodi, Schulz, mai riƙe da ƙauye a madadin basarake, sai Hoffmann, wanda ke zaune a kan gandu yana aikinsa. Abin da ya kamata ya tsayar da mai karatu a nan shi ne wanda ba ya cikin jerin. A zamanin da sunayen nan suka samu, manoma su ne mafi yawan jama'a nesa ba kusa ba, amma Bauer, wato manomi, bai shiga goman farko ba. Mai niƙa kuwa, wanda da wuya a sami biyu a ƙauye ɗaya, shi ne na ɗaya. Me ya sa haka? Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a yi mata fashin baƙi.

Har zuwa wajen ƙarni na 12, Bajamushe suna ɗaya gare shi, sunan da aka raɗa masa. Wannan ya isa muddin mutum yana cikin ƙauyen da kowa ya san kakansa. Sai abubuwa biyu suka haɗu. Birane suka bunƙasa, musamman na bakin kogin Rhine irin su Kolon (Cologne), mutane suka riƙa kwararowa daga ƙauyuka. A lokaci guda kuma sunayen da ake raɗa wa yara suka taƙaita: kowa na son sunan wani waliyyin coci ko na wani sarki, sai gari ya cika da Johannes, da Heinrich, da Konrad. Har yau in Bajamushe zai ce kowa da kowa, yakan ce Hinz und Kunz, wato gajerun sunayen Heinrich da Konrad, saboda tsabar yawan da suka yi a da. To, magatakardan da ke rubuta haraji, da bashi, da gado, da cinikin gida, ya zama dole ya bambance wannan Hans da wancan. Sai aka shiga ƙara laƙabi: sunan uba, ko garin da mutum ya fito, ko inda gidansa yake, ko wata siffa ta jikinsa, ko sana'arsa. Abin ya faro daga kudu da yamma, ya bi ta birane, ya gangara arewa da gabas, ƙauyuka suka biyo baya. Zuwa ƙarni na 15 ya game mafi yawan ƙasar, in ban da wurare irin su Friesland da ke bakin teku, waɗanda suka ci gaba da kiran ɗa da sunan ubansa har sai da dokar Napoleon ta 1811 ta tilasta musu tsayar da suna ɗaya.

Laƙabi aikinsa bambancewa, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. A ƙauyen da ke da Musa biyar za a ji Musa Maƙeri, da Musa Tela, da Musa Wanzam, amma ba wanda zai ce Musa Manomi, domin kowa manomi ne. Haka abin yake a Jamus. Sunan da ke yaɗuwa shi ne na sana'ar da ake samu a kowane ƙauye, amma mutum ɗaya ke yin ta a cikinsa. Maƙerin zinariya sai a babban birni, don haka sunansa bai yi yawa ba. Manomi yana ko'ina, amma kiran sa da hakan bai raba shi da maƙwabcinsa ba. Mai niƙa da maƙeri su ne suka faɗo daidai tsakiya: dubban ƙauyuka, kowanne da nasa guda. Ke nan sunan Müller ba daga kaka ɗaya ya fito ba. An haife shi sau dubbai, a wurare dubbai, a kan mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Akwai wani abu da adalci ya sa a faɗa. Müller ya zo na ɗaya ne in an ƙirga kowane salon rubutu daban. Sunan maƙeri ya rarrabu gida-gida, akwai Schmidt, da Schmitt, da Schmid, da Schmitz, kuma in aka haɗa su wuri ɗaya sun zarce Müller. Sa'ar mai niƙa ita ce mafi yawan zuriyarsa sun tsaya a kan rubutu ɗaya.

Ita kanta sana'ar baƙuwa ce a asalinta, kuma kalmar na nuna hakan. Kafin zuwan maniƙar ruwa, niƙa aikin cikin gida ne, na mata da bayi, a kan dutsen hannu. Tsohon Jamusanci na da kalmarsa ta wannan dutse, quirn ko kürn, wadda ta saura a sunayen wasu ƙauyuka irin su Kürnbach. Romawa ne suka kawo dabarar sa ruwan rafi ya juya ƙatuwar ƙafa ta katako, ita kuma ta juya dutsen niƙa. Tare da dabarar sunanta na Latin ya shigo, molina, mai aikinta kuma molinarius. Bakin Jamusawa ya murɗa shi ya zama mulinari, daga baya mülner, a ƙarshe harafin n ya narke cikin l aka sami Müller. Gidajen ibadar rahiban Kirista, waɗanda suka mallaki manyan filaye, sun taka rawa sosai wajen yaɗa maniƙar ruwa bayan faɗuwar daular Rum. A arewa, inda ƙasa take shimfiɗe kuma rafuka ba su da gudu, maniƙar iska ta shigo daga wajen ƙarni na 13. A kan manyan koguna kamar Rhine da Elbe har a cikin jiragen ruwa da aka ɗaure ake kafa ta.

Amma dabara kaɗai ba ta isa ta bayyana dalilin da ya sa mai niƙa ya zama fitaccen mutum a kowane ƙauye ba. Sai an dubi mulki. Gina maniƙa abu ne mai cin dukiya: a tare ruwa, a haƙa magudana, a sassaƙa katako, a sayo duwatsu masu nauyi daga nesa, kamar baƙin dutsen yankin Mayen da aka daɗe ana safararsa ta kogin Rhine. Talaka ba zai iya ba. Mai ƙasa ne ke ginawa, ko basarake, ko coci, kuma ruwan ma ana ɗaukar sa a matsayin haƙƙin sarauta. Masu tarihi kan ambaci shekarar 1158, lokacin da sarki Friedrich Barbarossa ya tara taro a Roncaglia da ke Italiya aka fayyace haƙƙoƙin sarki, har da iko a kan koguna. Wanda ya zuba dukiyarsa kuwa yana son riba tabbatacciya, daga nan aka sami dokar da Jamusawa ke kira Mühlenzwang ko Mühlenbann, wato tilascin maniƙa. Duk manomin da ke ƙarƙashin ubangida kaza, dole ya kai hatsinsa maniƙar ubangidan nan, ko da akwai wata da ta fi kusa, ko ta fi arha, ko ta fi gari mai laushi. Wanda aka kama ya kai wani wuri zai biya tara, a wasu wuraren a ƙwace hatsin. Ba a yarda wani ya gina sabuwa a yankin ba. Dutsen hannu na cikin gida ma ya zama abin farauta a wurare da dama na Turai. A garin St Albans na Ingila, a 1331, shugaban gidan rahibai ya sa an ƙwace duwatsun niƙan mutanen gari an daɓe ɗaki da su, kuma da tawayen manoma ya tashi a 1381, mutane suka shiga suka farfasa daɓen.

Shi mai niƙan galibi ba mai maniƙa ba ne, haya yake yi. Sau da yawa hayar ta gado ce: uba ya mutu, ɗa ya karɓa, jika ya biyo. Nan ne, a ganina, babban sirrin ɗorewar sunan yake. Laƙabin da aka ba mutum ɗaya kan mutu tare da shi. Amma in gida ɗaya ya shekara ɗari a bakin rafi ɗaya yana aiki ɗaya, kuma kowace shekara magatakardan ubangida na rubuta kuɗin hayarsu da wannan laƙabi, to laƙabin ya zama na gidan. Ƙanin da ya bar gida ya tafi birni neman wata sana'a, da shi zai tafi.

Ladan niƙa ba kuɗi ba ne a mafi yawan lokaci, hatsi ne. Mai niƙa kan ɗebi wani awo da ake kira Metze daga kowane buhu, a wurare da dama kashi ɗaya cikin 16. Dokokin zamanin sun ɗauki maniƙa da muhimmanci ƙwarai, domin burodi shi ne abincin kowa, in ta tsaya gari ya kwana da yunwa. Kundin dokokin Saxon da ake kira Sachsenspiegel, wanda Eike von Repgow ya rubuta tsakanin 1220 da 1235, ya sa wanda ya yi wa maniƙa fashi a sahu ɗaya da wanda ya yi wa coci, hukuncinsu kisa mafi muni. A cikin kundin nan ne kuma aka rubuta ƙa'idar cewa wanda ya riga zuwa maniƙa shi za a fara yi wa niƙa, maganar da ta zama karin magana a bakin Jamusawa har gobe. Asalinta doka ce ta hana mai niƙa fifita mai kuɗi a kan talakan da ya yi sammako.

Ga wurin da labarin ya fi taɓa zuciya. Duk da wannan muhimmanci, kuma duk da cewa mai niƙa kan fi maƙwabtansa abin hannu, a yankuna da dama an sa sana'arsa cikin waɗanda ake kira unehrlich, marasa mutunci a idon doka da al'ada. Sahunsa ɗaya da masaƙin lilin, da makiyayin tumaki, da wanzami, da mabushi. Wannan ba zagin baki kawai ba ne. Ƙungiyoyin masu sana'a na birane, waɗanda sai da yardarsu yaro zai koyi aiki, sukan nemi takardar shaidar haihuwa da ke tabbatar da cewa yaron ba ɗan mai niƙa ba ne. Wato ƙofar ƙira ko ɗinki ko sassaƙa a rufe take gare shi tun kafin ya buɗe baki.

Me ya jawo haka? Zargin sata ne a kan gaba. Manomi ya kawo hatsi a aune, ya karɓi gari da dusa, kuma ko yaya aka yi sai an sami ragi, domin wani ya tashi a ƙura, wani ya maƙale a dutse. Ba ya da hanyar sanin nawa ne ragin gaskiya, nawa ne ya shiga rumbun mai niƙa. Ga maniƙar a bayan gari, can bakin rafi, nesa da idon jama'a. Ga shi tana aiki da dare, wani lokaci har ranar Lahadi, domin ruwa da iska ba su jiran kowa. Hukumomi da kansu sun nuna rashin yarda: birane da yawa sun kafa ma'aunin gari na hukuma, a auna hatsi kafin niƙa a auna gari bayansa, wasu dokokin ma har sun ƙayyade yawan aladu da kajin da mai niƙa zai kiwata, don kada ya ciyar da su da haƙƙin mutane. Ba na musun cewa an yi masu ha'inci a cikinsu. Amma na fi ganin tushen ƙiyayyar a cikin tilascin nan. Mutumin da aka hana ka zuwa wurin kowa sai wurinsa, ko waliyyi ne sai ka zarge shi. Ubangidan da ya kafa dokar yana can cikin ganuwarsa, talaka ba ya ganin sa, wanda yake gani kullum shi ne mai riƙe da awo. Fushin da ya kamata ya hau sama sai ya sauka a kan na kusa, har ya shafi 'ya'yansa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Dokokin daular Jamus ta wancan zamani na 1548 da 1577 sun umarci ƙungiyoyin sana'a su daina korar 'ya'yan masu niƙa da sauran irinsu. Kasancewar sai da aka sake maimaita umarnin a 1731 ya isa ya nuna yadda al'adar ta yi taurin kai.

Kafin wannan lokaci ma sunan ya riga ya rabu da sana'ar. Hans Müller na Bulgenbach, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin manoma a yankin Baƙin Daji (Schwarzwald) na kudancin Jamus, wanda aka kashe a 1525, tsohon soja ne. Martin Waldseemüller, wanda ya fara rubuta sunan Amurka a kan taswira a 1507, ɗan mahauci ne. Shi kansa Gerd Müller saƙa ya fara koya yana yaro. Masu ilimi kuma, a zamanin da Latin ke tashe, sukan fassara sunan don ya yi kwarjini, sai Müller ya koma Molitor. Masanin taurarin nan Johannes Müller, wanda duniya ta sani da Regiomontanus, da sunan Molitoris aka rubuta shi a jami'ar Vienna. Irin wannan sauyi na son rai ya zo ƙarshe da hukuma ta sa hannu. Littattafan coci na baftisma da aure suka zama wajibi daga ƙarni na 16, Bavariya da ke kudancin Jamus ta hana canza suna a 1677, Ostiriya a 1776, masarautar Prusiya ta arewa a 1794. Yahudawa, waɗanda da yawansu ba su da tsayayyen sunan iyali, an tilasta musu ɗauka, a Ostiriya a 1787, a Prusiya a 1812, wasu daga cikinsu kuma suka ɗauki Müller. Da aka buɗe ofisoshin rajistar haihuwa da aure na gwamnati a duk faɗin Jamus a 1876, hatta rubutun sunan ya daskare a yadda aka same shi ranar.

Shi ya sa salon rubutun ke iya nuna inda kakannin mutum suka fito. Möller na arewa ne, inda ake magana da karin harshen bakin teku. Ɗan wasan Jamus Andreas Möller sunansa ɗaya ne da na su Thomas. Müllner, wanda ya riƙe tsohon n, ya fi yawa a Bavariya da Ostiriya. Miller ma, da mutane ke ɗauka na Ingilishi ne zalla, sunan gida ne a kudancin Jamus, inda bakin mutane ke mayar da ü ya zama i. Oskar von Miller, wanda ya kafa babban gidan tarihin kimiyya na Munich a 1903, Bajamushe ne gaba da baya. Inda maniƙa ta wuce ɗaya kuma sai aka ƙara bayani: Obermüller na sama da rafi, Neumüller na sabuwar maniƙa, Windmüller na iska, Sägmüller mai yankan katako, Ölmüller mai matsar mai. Maƙwabta ma suna da nasu, Mulder a Holan, Møller a Denmark, Meunier a Faransa, Molinari a Italiya, Molnár a Hungari, Melnyk a Yukren.

Ƙaura ta kai sunan nesa. Herta Müller, wadda ta sami kyautar Nobel ta adabi a 2009, daga cikin Jamusawan yankin Banat na Romaniya ta fito. A Amurka, inda Jamusawa suka fara kafa gari a Pennsylvania a 1683, ɗigo biyun nan na kan u ba su da gurbi a rubutun Ingilishi, sai wasu suka koma Mueller, wasu Muller, masu yawa kuma suka narke cikin Miller, wanda ya zo na 7 a ƙidayar 2010. Yaƙin duniya na ɗaya ya sa sunan Jamusanci ya zama kaya mai nauyi a ƙasashen waje. Lauro Müller, ministan harkokin wajen Birazil, haifaffen ƙasar ne, amma sai da ya ajiye muƙaminsa a 1917 saboda matsin da asalinsa ya jawo masa.

Ita kuwa sana'ar, abin da ya ɗaga ta shi ya tafi da ita. Prusiya ta soke tilascin maniƙa a 1810, sauran yankuna suka biyo baya cikin ƙarni na 19. Daga shekarun 1870 injin tururi da naɗin ƙarfe suka maye gurbin ruwa da dutse, manyan masana'antu suka kafu a tashoshin jiragen ruwa inda alkamar ƙasashen waje ke sauka, ƙananan maniƙun ƙauye suka kasa gasa. A 1957 gwamnatin Jamus ta Yamma ta yi doka tana biyan masu ƙananan maniƙu diyya don su rufe. Daga kusan 19,000 a 1950, yau 'yan ɗaruruwa suka rage. Har yanzu akwai makarantar koyon aikin a birnin Braunschweig, amma sunan sana'ar a takardun hukuma ya koma wani dogon suna na masanin fasahar sarrafa hatsi. Tsofaffin maniƙun da suka tsira akan buɗe su ga masu ziyara rana ɗaya a shekara, al'adar da aka fara a 1994.

Yawan da sunan ya yi ya kai ga ya daina aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. In Bajamushe zai buga misali da mace gama-gari, wadda ba ta da wani bambanci da kowa, sai ya ce Lieschen Müller. Hermann Müller, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Versailles ta bayan yaƙin duniya na ɗaya a 1919 yana ministan harkokin waje, kuma ya yi shugaban gwamnati har sau biyu, sai da aka riƙa kiran sa Müller-Franken, da sunan mazaɓarsa, don a raba shi da sauran masu sunan a majalisa. Dokar Jamus tana da tsauri wajen canza sunan iyali, sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Amma ƙa'idojin gudanar da dokar sun ware wasu sunaye da suka kira Sammelnamen, waɗanda suka yi yawa har ƙarfinsu na bambancewa ya ragu, suka kuma ambaci Müller tare da Meyer, da Schmidt, da Schulz. Mai ɗauke da ɗayansu na iya neman a sauya masa shi, ko a ƙara masa wani suna a gefe, ba tare da sai ya tabbatar da cewa an taɓa rikita shi da wani ba.